Ɗan Iya a Gaban Allo

Shekara goma sha shida Zinariya ta yi tana aiki a ƙaramin asibitin Gagarawa Tasha, tana awon jarirai, tana dafa kayan karɓar haihuwa, tana riƙe hannun masu naƙuda, ba wanda ya taɓa tambayarta takarda. Sai bana aka aiko daga sama cewa duk ma'aikacin da bai kawo shaidar gama sakandare ba kafin shekara ta fita, ya tattara nasa ya nasa. Ita kuwa a aji uku karatunta ya tsaya. Ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta ɗauki jaka ta hau mota zuwa Gumel, ta rubuta sunanta a makarantar matan aure inda ake shirya irinsu su zauna jarrabawa. Shekarunta arba'in da huɗu. Masu cewa gemu ba ya hana ilimi dai ba su taɓa zama a kan bencin 'yan makaranta da ciwon gwiwa ba.

Shugabar makarantar, Hajiya Ummulkhair, mace ce mai ƙa'ida kamar ma'aunin asibiti. Tun ranar farko ta gaya musu za a yi gwaji kafin rajistar babbar jarrabawa, duk wadda ba ta kai maki hamsin a Turanci ba sai ta jira baɗi. Sauran matan suna da baɗin da za su jira. Zinariya ba ta da shi, domin kafin baɗi an riga an sallame ta daga aiki.

Da farko abin yana tafiya. Malamar Turanci mai haƙuri ce, Zinariya kuma ba ta da ƙyuyar tambaya, hannunta kullum a sama. Ana cikin haka malamar ta tafi hutun haihuwa, aka ce an turo sabon malami. Ranar Litinin da hantsi Hajiya ta shigo da shi aji, dogon saurayi sanye da shuɗin yadi, yana rungume da littattafai. Zinariya ta ɗaga kai sau ɗaya, ta mayar da shi ƙasa, ta ji kamar bencin ya tsage ta shige.

Siddiq ne, ɗanta na fari.

Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ta goya shi ta tafi da shi Sule Tankarkar, can ya tashi, can ya yi karatu. Zinariya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko a bakinta ba a taɓa jin ta ce ɗana ba. In dole ta kama sai ta ce ɗan Iya. Shi kuma Yaya yake ce mata, in ya zo gaishe ta ya tsuguna daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka ta ga ana yi, kuma duk wanda ya san gidansu ya san ba a taɓa kama ta da rashin kunya a wannan fage ba. Ta ji labarin ya samu aikin koyarwa, amma da yake ba ta tambayar abin da ya shafe shi, ba ta san a ina ba.

Hajiya ta gabatar da shi, sannan ta tambaye shi a gaban kowa ko yana da 'yar'uwa a cikin ajin, don ba ta son malami ya duba takardar jininsa. Siddiq ya kalli rufin ɗakin ya ce babu. Zinariya ta sauke numfashi. Har cikin ranta ta yaba wa Iya, ta ce lallai tsohuwar nan ta iya tarbiyya.

Daga ranar hannunta bai sake tashi ba. Kuma kamar da gayya, darasin da ya tarar an tsaya a kai shi ne na waɗannan ƙananan kalmomi da Bature ke ɗaure magana da magana da su, irin wanda da wadda namu. Ya rubuta su a allo: who, which, that, whom, whose. Ya ce who ta mutum ce, which ta dabba ce da kaya. Zinariya ta rubuta, amma ba ta ga hikimar ba. Mu abin da muke tambaya shi ne namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa. Shi Bature duk wannan bai dame shi ba, ya haɗa miji da mata da taron jama'a a kalma ɗaya, ya ware akuya da tukunya gefe. Kafin ta gama haɗiye wannan, ya ce that tana iya tsayawa a madadin duka biyun. To in haka ne, me ya sa aka wahalar da mutane da sauran? Ta fara murna ta samu wadda za ta riƙe ta huta, sai ya ƙara da cewa in akwai waƙafi a gabanta ba a sa that. Ya kuma ce wani lokaci ana iya cire kalmar gaba ɗaya maganar ta zauna daidai. Zinariya ta dubi littafinta, ta ga ta rubuta dokoki biyar, kowace tana tunkuɗe ta bayanta.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ba su faɗi yadda za a yi in wanda za a tambaya ɗan fari ne ba.

Wadda ke zama kusa da ita Rahama ce, 'yar Maigatari, mai yawan surutu, wadda ta yi firamarenta a tsallaken iyaka, shi ya sa har yau makaranta lakwal ce a bakinta, malami kuma mushe. Ita ce ta fara lura cewa Zinariya ta yi shiru kamar an ɗauke wuta. Da ta matsa mata a lokacin tara, Zinariya ta ce mata malamin ɗan Iya ne, Iya kuma surukarta ce. Rahama ta yi lissafi da yatsu, ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta ce ba komai, Zinariya ta riƙa raɗa mata tambayar ita kuma ta miƙa.

Wannan dabara ita ta ƙara dagula lissafi. Tambaya in ta fito daga bakin Zinariya a raɗe, kafin ta bi ta kunnen Rahama ta haɗu da ragowar Faransancin da ke kanta ta fito, ta zama wata aba daban. Rannan Zinariya ta so ta ji ko whose ana yi wa kaya ita, ko mutum kaɗai. Rahama ta miƙe ta ce, "Mushe, in akuyar ta mutum ce fa, ba ta daji ba, who za a ce mata ko which?"

Aji ya kwashe da dariya. Siddiq ya san sarai daga inda tambayar ta taso, don ya ga mayafai biyu sun haɗu kafin Rahama ta tashi. Sai ya ruɗe. Yaron da ke bayani tiryan-tiryan in wata ce ta yi tambaya, ya kama kame-kame, ya kawo misali da akuya, ya goge, ya kawo da mai akuyar, ya goge, gumi na bin wuyansa. Ya amsa tambayar da ba a yi ba, ya bar wadda aka yi. Zinariya ta rubuta duk abin da ya faɗa, har wanda ya goge, ta koma gida da shi ta rasa ina ne kai ina ne ƙafa.

Duk da haka ba ta saki ba. Sati uku ita da Rahama suna zama ƙarƙashin darbejiyar makaranta bayan an tashi, suna bin tsohon littafin malamar da ta tafi, suna haddace misalai kamar masu tilawa. Ranar gwaji ta zo, ta yi bismilla ta rubuta abin da ta iya. Da suka fito suka gwada amsoshinsu, kusan duk iri ɗaya ne, har Rahama ta ce in sun faɗi tare za su faɗi.

Ba tare suka faɗi ba. Ranar Alhamis aka raba takardu, Rahama ta ci sittin da ɗaya, Zinariya arba'in da shida. Aka manna sunayen waɗanda za a yi wa rajista a ƙofar ofis, ta bi su da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu, babu nata.

A motar komawa ta shimfiɗa takardun biyu a cinya, don ta roƙi Rahama ta ara mata tata. Tambaya ta uku, Rahama ta sa who an ba ta, ita ma ta sa who an ba ta rabi. Ta bakwai, which da which, ɗaya an yi mata maki ɗaya an ja mata layi. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai cewa daga mai dubawar ne ba. Abin da ta ɗauka shi ne akwai wata doka ta shida da ba ta ji ba. Wataƙila a Turanci kalmar tana canzawa in babba ce ta rubuta. Wataƙila girman harafi ne, ko nisan da ke tsakanin kalma da kalma. Ta kwana tana wannan saƙa da warwara, washegari a asibiti ta auna jariri ɗaya sau biyu, ta rubuta nauyinsa a katin wani. Tsoro ne ya cika ta, tsoron ranar da za ta miƙa makullin ɗakin awo ta koma gida ta zauna.

Rahama ce ta kira ta a waya ta ce ruwa ba ya tsami banza, in Zinariya ba za ta yi magana ba ita za ta tashi a aji ta tambayi mushe a gaban kowa. Zinariya ta haɗa ta da Allah kada ta yi. Ranar Asabar ta shirya ta nufi Sule Tankarkar, domin duk duniya mutum ɗaya ce ke iya tsare Siddiq da tambaya a madadinta.

Ta tarar da Iya a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ƙafa, ta tambayi awaki, ta tambayi maƙwabta, sai da tsohuwar ta gaji ta ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta tunda ba Sallah ake ba. Zinariya ta fito da takardun ta ce wata takarda ce ta rikita ta, ta ce ko a gidan akwai mai duba mata.

Iya ta gane. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai, mijin nawa marar cefane, fito ana nemanka."

Siddiq ya fito, ya tsuguna nesa, ya ce, "Yaya, an zo lafiya?" Zinariya ta amsa wa rumbu. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta karɓi takardun ta riƙe su a juye, ta kalli wannan ta kalli waccan, ta ce ita dai ta ga jan biro ya fi yawa a guda, a gaya mata dalili. Ya fara yi mata bayanin who da which. Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa ta ce ba ita ce ɗalibar ba, ya bar mata yaren nasara ya faɗi gaskiya.

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya yi magana, kuma Iya yake kallo. Ya ce akwai mata biyu 'yan Gagarawa a ajin da suka san ko shi wane ne. Da ya zo kan takardar sai ya ji kamar duk garin na leƙen kafaɗarsa. Duk inda zai yi wa wata uzuri, harafin da bai rufu ba ko ɗigon da ya goge, a nan bai yi ba, har inda ba laifi sai da ya nemo. Ya ce nufinsa kada makin ya yi yawa a ce ya yi son kai, bai tara jimla ba sai da ya gama, da ya ga abin da ya fito kuma ya ji kunyar komawa ya ƙara.

"Amsoshin fa?" in ji Iya.

"Daidai suke. Sun fi na waccan ma."

A nan ne kan Zinariya ya ƙarasa kullewa. Ashe babu wata doka ta shida, ashe ta iya. Ta ji daɗi, ta ji haushi ya taso mata, sannan a ƙarƙashin haushin ta ji wani abu kamar alfahari, don da ya ba ta maki mai yawa da ba ta san inda za ta sa fuskarta a gaban matan nan biyu ba. Ta rasa wanne za ta kama a cikin ukun. Sai ta ji bakinta na cewa Iya a bar maganar, ai bai yi laifi ba.

"Ke kuma rufe mana baki," Iya ta ce. "Shi ya ji kunya ya yanke ki, ke kin ji kunya kin ce ya kyauta. Kunyar ce za ta riƙe miki aikin? Jibi ku je ku warware abin da kuka ƙulla, ni ban haifi wannan shirme ba."

Ranar Litinin kowa ya zo Gumel ta hanyarsa, suka haɗu a ofishin Hajiya Ummulkhair, shi a tsaye ta wajen taga, ita a kujera ta wajen ƙofa. Siddiq ya ce ya yi kuskure a duba takarda ɗaya, ya sake dubawa ta tashi sittin da uku. Hajiya ta cire tabarau. Ta ce kuskuren maki biyu ta sani, na uku ta sani, amma maki goma sha bakwai ba kuskure ba ne, ko dai an zalunci ɗaliba da farko, ko kuma an bi malami gida an roƙe shi daga baya. Ta tambaye shi me ke tsakaninsu.

Ya ce mahaifiyarsa ce.

Hajiya ta tuna masa cewa a gaban mata talatin ya ce ba shi da kowa a ajin. Ta jawo fayil ɗinsa, ta ga inda aka ce a rubuta uwa ko mai riƙo ya sa Iya, Sule Tankarkar. Ta juya ga Zinariya ta tambaye ta ko gaskiya ne ɗanta ne.

"Ɗan Iya ne," in ji Zinariya, tana kallon ƙafar tebur.

Hajiya ta riƙe kai da hannu biyu. Ta ce shi ya ce babu, ya dawo ya ce uwa, takarda ta ce Iya, uwar kuma ta ce ba ita ba, to ita wa za ta kama? Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, dogon hancin nan iri ɗaya, yadda kowannensu ya karkatar da wuya gefe don kada ya ga ɗayan. Sai ta yi ɗan murmushi. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, ta san ciwon. Amma sunaye sun riga sun tafi ofishin shiyya da hatimi, kuma can ba a aika musu da kunya. Ba za su ƙara suna ba sai da takardar koke daga hannun ɗalibar, da Turanci, ta faɗi sunan malamin da abin da ke tsakaninsu wanda ya jawo aka sake duba takardar. Ta ce mai kai saƙo zai tashi kafin azahar. Ta tura mata farar takarda da biro.

Zinariya ta kalli takardar. Shekara ashirin da shida ba ta furta sunan nan ba, ko a gaban Allah in tana masa addu'a yaron nan take cewa. Ta duba ƙofa, ta tuna ɗakin awo da layin matan da ke jiranta ran Laraba. Ta ɗauki biron. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta gaisuwa yadda aka koya musu, sannan ta tsaya. Abin mamaki, da ta fara haɗa maganar da Turanci a ranta sai ta ji ba ta da nauyin da take da shi da Hausa, kamar wata ce ke faɗa ba ita ba. Ta sunkuya ta rubuta, harafi bayan harafi:

Siddiq is the boy who I born first. He cut my mark because of shame.

Ta sa hannu ta tura. Ba ta sani ba ko who ce ta dace a wurin ko whom, ko ma wurin cirewa ne gaba ɗaya, ga mai sanin a tsaye taku uku daga inda take, ba halin tambaya.

Hajiya ta karanta a zuci, ta miƙa wa Siddiq ta ce malamin Turanci ya duba kafin a tura. Ya karɓa. Layi biyu ne, amma ya daɗe a kansu fiye da yadda ake daɗewa a kan shafi guda. Da ƙyar ya ce za su gane, a bar ta haka.

Hajiya ta buga hatimi, ta jawo kwafin jerin sunayen ta rubuta Zinariya Habibullah a ƙasa, ta ce ta je ta kawo hotuna biyu gobe. Zinariya ta yi godiya ta miƙe. Har ta kai bakin ƙofa ta ji muryarsa a bayanta, ƙasa-ƙasa, ba da ita yake ba.

"Hajiya, in ba damuwa, a ba ni takardar nan in je bakin titi in yi kwafinta kafin mai saƙo ya tafi. Ina so in ajiye ɗaya."

Zinariya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fita tana neman takalminta, duk da yana gabanta ta kasa ganinsa.